Pele da ƙwallon zamaninsa: amsa ga masu cewa labarin dattawa ne

Tambaya: Wani matashi daga Fagge ya aiko da cewa, "Baba Koci, kullum a majalisarmu ana musu kan Pele. Abokaina sun ce bai taɓa buga wasa a Turai ba, ƙwallaye dubun da ake faɗa a wasan sada zumunta ya ci su, kuma 'yan bayan zamaninsa ba su iya komai ba. Kakana kuwa ya ce har Najeriya ya zo, aka tsayar da yaƙi saboda shi. Wa zan gaskata?"

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya maimakon ka ci gaba da ɗaga jijiyar wuya. A cikin abubuwa ukun da abokanka suka faɗa, ɗaya yana da ƙamshin gaskiya. Sauran biyun rashin sanin yadda duniyar ƙwallo take ne kafin a haife su. Kakanka ya yi gaskiya a kan zuwan, maganar yaƙin kuma za mu zo kanta.

Bari in fara da batun Turai, don shi ya fi yawo a gidajen kallo, shi kuma ya fi rauni. Wanda ya buɗe ido ya tarar da Firimiya da Laliga a talabijin kowane mako, dole ya ɗauka tun asali duk ɗan wasan da ya isa Turai yake nufa. A da ba haka abin yake ba. Brazil ta ɗauki Kofin Duniya a 1958 da 1962 da 1970, kuma a duka ukun babu mutum ko ɗaya a tawagarta da yake buga wa kulob ɗin ƙasar waje. Duk 'yan gida ne. Garrincha da Didi da Nilton Santos suna Botafogo, Djalma Santos daga baya yana Palmeiras, Tostao yana Cruzeiro, Rivelino yana Corinthians. Ke nan ɗan bayan da zai tare Pele ranar Lahadi a gasar gida, sau da yawa shi ne wanda suka ɗaga kofin duniya tare. Wanda ya tafi Turai ma a lokacin gurbinsa yake rasawa. Altafini yana cikin tawagar 1958, ya koma AC Milan, a 1962 sai ga shi sanye da rigar Italiya.

To in ana son a san wa ya fi wani, ai akwai inda ake haɗuwa. Tun 1960 aka fara karawa tsakanin zakaran Turai da zakaran Kudancin Amurka, gida da waje. A 1962 zakaran Turai ita ce Benfica ta Fotugal, mai Eusebio, wadda ta ci kofin sau biyu a jere, na biyun ma Real Madrid ta doke da ci 5-3 a wasan ƙarshe. Santos, kulob ɗin Pele kuma zakaran Kudancin Amurka, ta ci su 3-2 a filin Maracana na Brazil, Pele ya jefa biyu. Aka koma Lisbon, 'yan Benfica suna ganin a gida za su rama, Santos ta zuba musu 5-2 a gaban jama'arsu, Pele ya jefa uku. Shekarar da ta biyo AC Milan ce ta zo. A Italiya Milan ta ci 4-2, duka biyun na Santos na Pele ne, sannan ya ji rauni bai buga sauran wasannin ba, abokansa suka ƙarasa aikin suka riƙe kofin. A shekarar dai suka bi Boca Juniors har gida a Ajantina suka ci ta 2-1 a wasan ƙarshe na gasar nahiyarsu, shi ya jefa ta nasarar. Duk wanda ya ce maka bai gwada ƙarfi da Turawa ba, ka tambaye shi ko ya san wannan.

Haka maganar Ballon d'Or. An fara ba da ita a 1956, amma har zuwa 1995 Bature kaɗai ake ba wa. A shekarar da aka buɗe ƙofar George Weah ya ɗauka. Shi ya sa Pele ba shi da ko ɗaya ta gasa, Maradona ma haka. Ba don an gwada sun faɗi ba, ba a ma sa sunansu a jarrabawar.

Mu nan ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan, don mun ga irinsa. IICC ta Ibadan ta ci kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙalubale a 1976, Rangers ta Inugu ta ci a 1977. Christian Chukwu da Segun Odegbami da Muda Lawal da Emmanuel Okala duk a gida suke wasa lokacin da suka ci kofin nahiya a 1980. A nan Kano, ranar da Raccah Rovers za ta yi wasa, mai son wuri sai ya yi sammako. Babu mai tambayar ka Arsenal kake ko Chelsea. Yanzu yaro yana jefa ƙwallo goma a lig, kafin kaka ta zagayo ya bar ƙasar, sai mu ɗauka haka aka saba.

Sai batun ƙwallaye dubu, inda abokanka suke da 'yar hujja. Jimillar da ake faɗa ta haura 1,200, kuma gaskiya ne an haɗa da wasannin sada zumunta, har da waɗanda ya buga wa ƙungiyar soja lokacin da yake hidimar ƙasa. Ta dubun ita ce fanaretin da ya jefa a ragar Vasco da Gama a Maracana ranar 19 ga Nuwamba 1969. In aka tace aka bar wasannin gasa zalla, adadin yana tsakanin 750 da 770. A ciki 643 na Santos ne, tarihin da ya tsaya har Messi ya wuce shi a Barcelona a Disamban 2020, sai 77 da ya ci wa Brazil a wasa 92, wanda Neymar ya wuce a 2023. Saboda haka in ana lissafin gasa, Cristiano Ronaldo da Messi sun wuce shi, babu gardama.

Amma kada ka ɗauka sada zumuntar lokacin irin ta yanzu ce, wadda ake canja mutum goma bayan hutun rabin lokaci kowa yana lallaɓa ƙafarsa. Babu kuɗin talabijin a lokacin. Santos kulob ne na garin bakin teku mai ƙaramin fili, hanyar da za ta iya biyan Pele ta hana manyan Turai ɗauke shi ita ce yawon duniya tana karɓar kuɗin wasa. Akwai ma shekarun da ta ƙi shiga gasar nahiyarta don yawon ya fi kawo kuɗi. A rangadin 1959 ta ci Inter 7-1, ta ci Barcelona 5-1 a gidanta, Real Madrid ta ci ta 5-3. Kowane mai masauki da manyan 'yan wasansa yake fitowa, don babu mai son a ce an wulaƙanta shi a gida, kuma 'yan Santos bayan kwana biyu ko uku suna wani garin suna wani wasan. Ni dai ba na sa waɗannan ƙwallaye a sahu ɗaya da na gasa, amma kuma ba na zubar da su a kwandon shara.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne maganar 'yan baya, don a nan ne matasa suka fi yin nisa da gaskiya. Ɗan bayan lokacin bai kai na yanzu tsari ba, na yarda. Amma yana da makamin da na yanzu ba shi da shi: doka ta sakar masa mara. Babu katin gargaɗi, babu jan kati, sai a Kofin Duniya na 1970 aka fara amfani da su. Alƙalin wasa yana iya korar mutum da baki, amma sai abin ya kai intaha. Shigowa ta baya a kwashe ƙafar mutum, sai a 1998 aka tsaurara hukuncinta zuwa kora kai tsaye. Sannan babu canji a Kofin Duniya kafin 1970. Ka fahimci abin da wannan yake nufi? In ka karya gwanin abokan karawa a minti na goma, sun koma mutum goma har a tashi, kai kuma ƙila ko tsawa ba a yi maka ba. Doka da kanta ta mayar da keta dabarar cin wasa.

A Ingila a 1966 aka ga ƙarshen abin. Wasan farko da Bulgeriya, Pele ya ci da bugun tazara, Brazil ta yi nasara 2-0, amma ɗan bayansu Zhechev ya bi shi da duka har bai iya buga wasa na biyu ba, Hungary ta ci su 3-1. Aka dawo da shi wasa na uku da Fotugal a filin Everton bai gama warkewa ba. Joao Morais ya kwashe shi, yana ƙoƙarin miƙewa ya sake kai masa na biyu a take, alƙalin wasa bai kore shi ba. Aka ɗaure masa gwiwa ya koma fili yana ɗingishi, tunda babu damar sa wani. Fotugal ta ci 3-1, masu riƙe da kofi suka koma gida tun daga rukuni, Pele ya rantse ya gama da Kofin Duniya. Wani abin mamaki, kocin Fotugal a ranar ɗan Brazil ne, Otto Gloria, kuma shi ne dai mutumin da ya jagoranci Green Eagles ta Najeriya suka doke Aljeriya 3-0 a Legas a 1980. Duniyar ƙwallo ba ta da faɗi.

Kada kuma ka ɗauka shi waliyyi ne. Wanda ake duka kullum dole ya koyi ramuwa. A wasan kusa da na ƙarshe da Uruguay a 1970, wani ɗan wasansu ya taka shi yana ƙasa. Ya bari sai da suka zo suna tsere a gefen fili, ya kai masa gwiwar hannu a fuska da wayon da ya sa alƙalin wasa ya ba Brazil bugun. Yau da na'urar VAR sai dai ya tafi wanka.

Ƙara da sauran dokokin da duk suka karkata ga mai tsaro. Kafin 1990, in kana daidai da ɗan baya na ƙarshe an kama ka da satar gida. Kafin 1992, ɗan baya in ya ji matsi sai ya mayar wa gola, gola ya ɗauka da hannu, ya ɓata lokaci yadda ya ga dama. Ƙwallon kanta ta fata ce mai shan ruwa, sai a 1986 aka buga Kofin Duniya da wadda ba fata ba. Mu da muka buga ta fata da damina a filayen makarantun cikin gari mun san in ta jiƙe, sa mata kai kamar ka tari kabewa ne. Filayen kuma ba irin shimfiɗar da kake gani a talabijin ba ne.

A cikin wannan yanayi yaro ɗan shekara 17 ya je Kofin Duniya a Suwidin a 1958. An haife shi ranar 23 ga Oktoba 1940, ya tashi a garin Bauru cikin talauci, yana goge takalma, yana buga ƙwallon tsumma ba takalmi kamar yadda muka yi a lungunanmu. Mahaifinsa Dondinho ɗan ƙwallo ne da raunin gwiwa ya dakushe, shi ya fara koya masa. Yana da shekara 15 ya shiga Santos, yana da 16 ya jefa wa Ajantina ƙwallo a wasansa na farko da rigar ƙasa. A Suwidin bai buga wasa biyun farko ba saboda gwiwa. Da ya shigo, shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta fitar da Wales, ya jefa wa Faransa uku a wasan kusa da na ƙarshe, ya jefa wa masu masauki biyu a wasan ƙarshe aka tashi 5-2. Ta farkon cikin biyun nan ka neme ta ka kalla: ya tare da ƙirji, ya ɗaga ta saman kan ɗan baya, ya zagaya, ya buga kafin ta taɓa ƙasa. Sai da aka shekara 60 kafin wani ɗan ƙasa da shekara 20 ya sake ci a wasan ƙarshe, wato Mbappe a 2018.

Kofin 1962 kuwa, a gaskiya na Garrincha ne. Pele ya ji rauni a wasa na biyu, Amarildo ya maye gurbinsa. In ana cewa kofi uku, ka san na tsakiyar da sunansa ne kawai a ciki da wasa ɗaya da rabi.

Mu masu koyar da yara, Kofin Duniya na 1970 a Meziko muka fi nunawa. Yana da shekara 29, gudunsa ya ragu, amma kansa ya cika. Ƙwallo huɗu kawai ya ci a gasar, Jairzinho ya ci bakwai. Abin kallo shi ne yadda manyan gwanaye irin su Gerson da Tostao da Rivelino, kowa sarki a kulob ɗinsa, suka taru ƙarƙashinsa wasan ya tafi daidai, suka ci duka wasanninsu shida. A wasan Ingila ƙwallo ta zo masa a cikin da'irar gola, mutum uku suka rufar masa, duk wani ɗan gaba zai buga, shi sai ya tura wa Jairzinho a dama. A wasan ƙarshe da Italiya, mutumin da tsawonsa bai wuce mita 1.73 ba ya tashi sama da Burgnich ya sa kai ya buɗe ci. Shi ya sauke wa Jairzinho ta uku da ka. A ta huɗun ya tsaya da ƙwallo a bakin da'ira kamar ba shi da abin yi, yana jira Carlos Alberto ya iso daga baya, sannan ya gangara masa ita daidai tafiyarsa. Abin da nake gaya wa yarana shi ne su daina kallon ƙwallon, su kalli kansa kafin ta zo, sau nawa yake waiwaye. Kuma abubuwa ukun da aka fi tunawa a gasar ma ba su shiga raga ba: bugun da ya yi daga tsakiyar fili ganin golan Chekoslobakiya ya fito, kan da Gordon Banks ya ture, da yadda ya bar ƙwallo ta wuce golan Uruguay ta gefe ɗaya shi ya bi ta ɗaya gefen ba tare da ya taɓa ta ba.

Za ka lura wasan yana tafiya a hankali, Gerson yana samun sarari a tsakiya wanda yau babu mai ba shi. Wani ɓangare zafin ranar Meziko ne da tudun ƙasar, don da tsakar rana ake take wasu wasannin saboda masu kallo a Turai, amma wani ɓangaren gaskiya ne cewa 'yan wasan yau sun fi gudu da juriya da tsari. Sai dai masu cewa "a kawo shi yau a gani" suna kawo shi ne da takalminsa na da, da likitansa na da. In za a kawo shi, a ba shi filin yau da abincin yau da alƙalin wasan da zai kori Morais. In ka matsa min sai na zaɓa, Messi ya fi shi daɗewa a ƙololuwa, Maradona a 1986 ya ɗauki tawagar da ba ta kai tasa ba ya kai ta gaci. Amma mutum ɗaya da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu da kai da ƙirji da gudu da ƙarfi da ganin fili, ban ga wanda ya cika kamarsa ba, kuma shi nake sawa a gaba.

Yanzu kakanka. Santos ta zo Najeriya a farkon 1969 ana tsakiyar yaƙin basasa. Ta yi kunnen doki 2-2 da Green Eagles a Legas, Pele ya ci biyun, sannan ta je Benin ta buga da zaɓaɓɓun jihar. Labarin an tsagaita wuta na awa 48 ya zagaya duniya, amma an zuba masa gishiri. Legas tana da nisa da fagen daga, Benin kuwa tun Satumban 1967 rundunar da Murtala Muhammad yake jagoranta ta ƙwato ta. Jaridun ƙasar nan na lokacin ba su kawo labarin wata yarjejeniya ba, shi kansa Pele daga baya ya nuna ba shi da tabbas a kai. Abin da ya tabbata shi ne an tsaurara tsaro, an yi wasa lafiya. Ka faɗa wa tsohon da ladabi, ba shi ya ƙirƙira ba.

Zuwansa na 1976 ya fi shafar mu Kanawa, ko da yake ba ta hanyar daɗi ba. Kamfanin Pepsi ne ya kawo shi Legas don koyar da yara, sai ga Juma'ar 13 ga Fabrairu, ranar da su Dimka suka kashe Janar Murtala. Aka rufe filin jirgi da iyakoki, ya maƙale a otal na kwanaki, a daidai lokacin da aka kawo gawar Murtala gida Kano.

Na 1978 shi ne wanda ya kamata kowane ɗan ƙwallon Kano ya sani. Ya riga ya yi ritaya a New York Cosmos tun Oktoban 1977, yana da shekara 36. A watan Afrilu ya zo Najeriya daidai da rangadin Fluminense ta Rio. A Legas ya sa rigar Green Eagles ya taka leda. Bayan 'yan kwanaki aka zo Kaduna, ya sa rigar Fluminense ya buga rabin lokaci, kuma waɗanda suka tsaya a gabansa su ne Raccah Rovers ta Kano. Baƙin suka ci 2-1. Ba don alfarma aka zaɓi Raccah ba. A 1977 ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, IICC ta doke ta, a 1978 ɗin kuma ita ta ɗauki lig ɗin ƙasa gaba ɗaya, a gaban su Rangers da IICC da Bendel Insurance. Daga nan Kano ba ta sake ganin wannan kofi ba sai da Pillars ta ɗauko shi a 2008, ta ƙara a 2012 da 2013 da 2014, lokacin da Rabi'u Ali, wanda duk gari ke kira Pele, yake juya tsakiyar fili a Ƙofar Mata.